Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, Mai Kuntigi

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga nan Lafiya za shi Jos ya san Hawan Kibo. In an wuce Akwanga an yi nisa, sai ka ga hanya ta ɗaga kai sama, tana lanƙwasa nan tana lanƙwasa can, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. A zamanin da manyan motoci masu bodin katako su ke kwasar doya daga kasuwarmu, a wurin nan ne a ke sanin amfanin wani yaro da ke maƙale a bayan mota, rigarsa duk baƙin mai, yana rungume da guntun icen nan da a ke kira weji. Da mota ta gaza ta soma ja da baya, shi ne zai diro ya cusa wejin a gindin taya. In ya yi nawa, to, direba da fasinja da doya duk sai labari. Amma fa duk da haka, sunan da mutane suka ga ya dace da shi shi ne karen mota.

Mutumin da zan ba ku labarinsa shi ne wanda ya dubi wannan yaro ya ga ya isa a yi masa waƙa kamar yadda a ke yi wa sarki, watau Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos. Na san yawancin ɗaliban da ke kwalejin nan yanzu suna ƙananan yara sa'ad da ya rasu, sunansa kaɗai suka sani, sai ko ɗan guntun kiɗansa da su kan ji a rediyo. Dattawanmu kuwa sun san shi sarai, gama daga 1967 har 1996 jiha ɗaya mu ke da mutanen Jos, can ne babban birninmu, can a ke zuwa neman aiki da biɗar takarda. Saboda haka Ɗanmaraya ba baƙo ba ne a gare mu, ɗan gida ne.

An haife shi a Bukuru, kudu da Jos kaɗan, cikin shekarar 1946. Sunansa na yanka Adamu, a kan ce masa Adamu Wayya. Kafin mu shiga labarinsa ya kamata mu san irin garin da ya buɗe ido ya gani, don garin nan shi ya ba shi mutanen da ya yi ta waƙa a kansu har ya bar duniya. Bukuru garin kuza ne. Tun farkon zuwan Turawa suka soma haƙar kuza a kan duwatsun nan. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layin da ya taso daga Fatakwal, wanda ya ratsa ta nan Lafiya da Kafanchan, ya kai Jos. Sai mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Kudu, waɗansu leburori, waɗansu 'yan tireda, waɗansu mahauta, waɗansu masu tuwo-tuwo. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai gwamnati ta sa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar talakawa daga larduna a kawo su ramin kuza, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Shekara biyu bayan wannan aka haifi Adamu. Gari ne na baƙi, kowa ya baro danginsa nesa, kowa da guminsa ya ke ci.

Hausawan da suka zauna a wurin suna da sarkinsu, Sarkin Hausawan Bukuru, uban Adamu kuwa makaɗinsa ne. Ba a daɗe da haihuwar yaron ba uban ya rasu, uwar kuma ta bi shi tun yaron bai san kome ba. Sarkin Hausawa ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya samo asali, ya bi shi har ya danne sunan yanka. Ku lura da wani abu a nan. Bisa al'ada ɗan makaɗin fada a gindin ubansa ya ke koyon sana'a. Ya fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya shiga cikin 'yan amshi, ya haddace kirarin gidan sarauta da sunayen kakanni, ran da uban ya kau sai ya gaji kiɗan da ubangidan gaba ɗaya. Adamu bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya gaji jinin waƙa, amma ba wanda ya miƙa masa ganga, ba 'yan amshin da ke jiransa.

Tun bai balaga ba tafiya ta kai shi Maiduguri. A zamanin nan jirgin ƙasa bai kai can ba tukuna, sai a 1964, saboda haka mai zuwa Barno daga Jos mota ya ke hawa, tafiyar fiye da mil 300 ta kan Bauci da Fataskum. A can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa, bai kuwa sake rabuwa da shi ba. Mu mutanen Lafiyar Barebari, da sarakunanmu suka fito daga Barno, muna iya cewa ashe ba mu kaɗai muka ɗebo alheri daga gabas ba.

Wanda bai taɓa ganin kuntigi ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Gwangwanin kifi ne, irin mai faɗin nan mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Mutum na iya sa shi cikin aljihun babbar riga ya tafi abinsa. To, in an gwada shi da kayan manyan makaɗa sai a ga kamar wasan yara. Narambaɗa da Ɗankwairo suna tafe da kotso da jama'a a bayansu, Mamman Shata yana tafe da kalangai da 'yan amshi da sanƙira. Ɗanmaraya shi kaɗai ya ke zama. Ya yi baiti, kuntigi ya amsa masa, ya sake yin wani.

Ni a ganina wannan kaɗaici shi ne asirin dukan abin da ya biyo baya. Makaɗin da ke da mutum goma a bayansa dole ya bi inda doki da riga da fam su ke, don kowane ɗaya cikin goman nan yana da iyali, da yamma kuma sai an raba abin da aka samu. Yaron da kayan aikinsa gwangwani ne, ba shi da abokin rabo, in ya sami sule guda a tasha ya ci ya ƙoshi. Saboda haka yana da halin ya tsaya ya yi wa wanda ba shi da abin bayarwa sai kwabo waƙa. Talaucin kayan kiɗansa ya saya masa 'yancin da manyan makaɗa ba su da shi.

Kada wani ya ce kafin Ɗanmaraya ba a yi wa talaka waƙa a ƙasar Hausa. Ana yi ƙwarai. Kowace tsohuwar sana'a tana da kiɗanta: mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, maharba suna da komo, 'yan dambe ma ga Ɗan'anace yana wasa Shago. Amma sana'o'in da mota da jirgi da ramin kuza suka haifa, su ba su da makaɗi, don ba su da kakanni. Ba wanda ya gaji karen mota wajen ubansa, ba kuwa wanda ke fata ɗansa ya gaje shi. Waɗannan mutane marayu ne cikin sana'o'i, sai ga maraya ya zo ya zama makaɗinsu.

Waƙar Karen Mota ita ce ta fari da ta fito da shi, har yau kuma da wuya a ambaci sunansa ba a tuna da ita ba. A ciki ya yabi samarin nan da ke loda fasinja su sauke su, su kwance taya in ta fashe, su tura mota in ta mutu a daji, su yi dukan aikin dauɗar da direba ba ya taɓawa. Ku tuna fa ma'anar yabo a wurin Bahaushe. In makaɗi ya ambaci mutum a bainar jama'a, ya shaida ke nan cewa mutumin nan wani ne. Yaron da kullum tsawa ya ke sha daga direba, zagi daga fasinja, ran nan sai ya ji aikinsa na fitowa daga akwatin rediyo, mutane sun yi shiru suna saurare. Daga baya Ɗanmaraya ya yi wa lebura tasa, ya kuma yi Mai Akwai da Babu, inda ya jera mai shi da marashi ya duba yadda duniya ke ɗaukar kowannensu, da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, wadda sunanta ma ya isa bayani.

Yana ɗan shekara 20 da 'yan watanni yaƙin basasa ya tashi, cikin Yuli 1967. Ƙasarmu ta nan tana bakin hanyar yaƙin, gama Makurɗi ce babban sansanin sojan tarayya na wannan fuska, jirgi da motoci ta Lafiya su ke bi da soja, samarin Binuwai da Filato kuwa sun shiga aikin soja da yawa, shugaban ƙasa kansa, Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato ne. Ɗanmaraya ya yi waƙoƙi masu yawa na yabon sojan tarayya, yana zana abin da ke faruwa a fagen fama har mai saurare ya ga kamar yana wurin. Waƙoƙin nan sun ƙara masa suna ƙwarai. Amma gaskiya ita ce waƙar yaƙi ido ɗaya gare ta, ɓangarenta kaɗai ta ke gani. Mutanen Gabas da aka kashe ko suka gudu daga Jos da Bukuru cikin 1966 maƙwabtansa ne, yaran da yunwa ta kashe a can kafin yaƙin ya ƙare a Janairu 1970 su ma marayu ne ko 'ya'yan talakawa. Wanda zai saurari waƙoƙin nan yau ya kamata ya saurare su da sanin wannan. Ni dai ba su ne na fi so cikin aikinsa ba.

Abin da na fi so shi ne wanda ya sa na ke ce masa ɗan wasan kwaikwayo, ko da ya ke dandalinsa tabarma ce, 'yan wasansa kuwa duk cikin maƙogwaronsa su ke. Ku nemi waƙar Gulma-Wuya ku saurara. Labarin wata magulmaciya ce ta unguwa, wadda ta haɗa baki da boka, aikinta shiga tsakanin mata da mazansu har aure ya lalace. Wani mawaƙin da sai ya tsaya ya zagi gulma, ya ce mugun hali ce, mu kuwa mu gyaɗa kai mu manta. Ɗanmaraya bai yi haka ba, sai ya kawo mutanen da kansu ya sa su magana. In magulmaciyar za ta yi magana sai ya sauya murya ya zama ita, in an zo kan matar gida ya zama ita, haka boka, haka maigida, kowa da irin muryarsa da irin lafazinsa, kuntigi kuwa yana tafe ba ya tsayawa. Ba labule, ba sauya tufafi, ba mai faɗa maka wane ne ya shigo wane ne ya fita, amma ba ka taɓa ruɗewa.

Wanda ya taɓa gwada karanta wa yara labari mai mutum uku ko huɗu a aji ya san wuyar abin nan. Ka sa wa tsohuwa murya, kafin ka juya shafi ka manta da ita, ka ba ta muryar sarki, yara su fashe da dariya. To, shi yana yin haka ne yana kuma riƙe da kiɗa da ma'aunin waƙa, numfashinsa bai sarƙe ba. Kuma ba murya kaɗai ya ke ara ba, har da hali. Ya san yadda mai gulma ke sassauta harshe ta nuna ita mai ƙaunarka ce, ya san yadda mai cin kuɗin jahilai ke kumbura magana don a ji tsoronsa. Irin wannan sani sai wanda ya tashi a gidan da ba na ubansa ba, ya saba zama gefe yana kallon manya, ba a lura da shi. Amfanin wannan dabara kuwa a fili ya ke. In an yi wa mutum wa'azi sai ya waiwaya ya dubi maƙwabcinsa. In aka kwaikwayi muryarsa, yana cikin dariya sai ya ji ashe da shi a ke.

Kwaikwayo ba sabon abu ba ne a wurinmu. 'Yan kama sun daɗe suna juya waƙoƙin manya su mai da su na tuwo da miya, yara suna tashe cikin azumi suna kwaikwayon tsoho da malami da mai ciki. A makaranta kuma an karanta Wasan Marafa da Jatau na Kyallu da Uwar Gulma, na biyun ƙarshen nan ma a kan rikicin aure su ke. Sai dai littafi yana bukatar wanda ya iya karatu, wasan makaranta yana bukatar dandali da 'yan wasa da ranar biki. Matar da ke cikin kulle a Tudun Gwandara ko a Doma ba ta zuwa ko ɗaya. Ɗanmaraya shi ya kai mata wasan har ɗaki, ta akwatin rediyon mijinta. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya yi ta sa waƙoƙinsa, faifan garmaho ya ɗauka, daga baya kaset ya zo ya kai su kowace tasha da kowane teburin mai shayi.

Akwai kuma wani abin da ya taimake shi, wanda mu a nan muka fi kowa ganewa. Hausarsa ta Jos ce, Hausar kasuwa da tasha, wadda Birom da Angas da Eggon da Alago da Mada da Tibi duk su ke ji. Waƙar Narambaɗa ko Bakano sai ya nemi Bagobiri ya warware masa waɗansu kalmomi. Ta Ɗanmaraya kuwa yaron da ya koyi Hausa a bakin kasuwar Lafiya ba ya bukatar tafinta. Waɗansu masu son zurfin harshe su kan raina wannan, su ce waƙarsa ba ta da nauyin azanci irin na makaɗan fada. Akwai gaskiya kaɗan cikin maganarsu. Amma wanda ke so a ji shi daga Barikin Ladi har Loko, tilas ya zaɓi kalmar da kowa ya sani.

Zancen aure ya fi kome yawa cikin waƙoƙinsa na gyaran hali. A Jawabin Aure ya lissafa wahalolin da saki ke jawowa, ya roƙi miji da mata su yi haƙuri su gyara tsakaninsu. A Auren Dole kuwa ya juya kan iyaye, ya soki al'adar ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta zaɓa ba. Mai sauraro na iya zaton waƙoƙin nan biyu suna karo da juna, ɗaya na cewa a zauna, ɗaya na cewa kada a tilasta. In ka duba da kyau hanyarsu ɗaya ce, gama ba ka iya neman haƙuri wurin wadda tun fari ba a nemi yardarta ba. A yau wannan magana ba ta da nauyin faɗa. A zamanin da ya yi ta kuwa, uba ya kan ba da 'yarsa yana zaune a zaure, ita ba ta sani ba sai ta ga goro, kuma iyayen nan su ne masu ba mawaƙi kuɗi a wurin biki. Maroƙi ne fa, wanda a al'ada ba a ba shi bakin yi wa dattawa gyara, ya tashi ya faɗa musu abin da ba su so.

Ba zan ce muku bai taɓa yi wa manya waƙa ba. Ya yi, gama waƙa ita ce gonarsa, da sunansa ya girma kuma masu mulki da masu kuɗi suka neme shi, gwamnatoci suka riƙa kiransa wurin taro. Kuntigin nan na gwangwani ya hau jirgin sama ya je Turai da Amurka. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambobin girma, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, aka koma ce masa Dakta, malaman jami'a suka yi ta rubutu a kan waƙoƙinsa, ɗalibai suna samun digiri da nazarin abin da ya tsara a tasha. Amma ku tambayi duk dattijon da kuka sani ya lissafa muku waƙoƙin Ɗanmaraya biyar. Da wuya ya kawo sunan wani mai kuɗi. Karen mota zai fara ambata, sa'an nan magulmaciya, sa'an nan yarinyar da aka yi wa auren dole.

Ƙarshen zamansa ya zo daidai da lokacin da Jos ta rikice. Garin da baƙi suka gina tare, wanda a da a ke misali da shi wajen zaman lafiya, ya ga faɗa a Satumba 2001, ya sake gani a Nuwamba 2008, da kuma Janairu 2010, har da Bukuru inda aka haife shi. Unguwanni suka rabu, wanda ke wannan gefe yana tsoron ƙetarawa wancan. Mutanen da suka yi shekara 40 suna dariya tare a kan muryar Gulma-Wuya suka koma kallon juna da wani ido. Ɗanmaraya bai bar garin ba, bai kuma cire Jos daga jikin sunansa ba. Yana cikin 'yan mutane kaɗan da kowane ɓangare ke cewa nasa ne.

Daga baya ciwo ya kama shi, ya daɗe yana jinya. Ya rasu a Jos ran Asabar, 20 ga watan Yuni 2015, cikin kwanakin farko na azumi, bai cika shekara 70 ba, aka yi jana'izarsa a can. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.